Sun tambaye ni da me nake girki, ba su tambayi kuɗin maigida ba

Maman Husna Garwa:
Assalamu alaikum jama'ar gida, ina kwananku. Dan Allah ina da magana da ta tsaya min a rai tun shekaranjiya. Wasu matasa biyu mace da namiji sun zo unguwarmu da 'yar kwamfutar hannu suna bin gida gida, yaron mai unguwa ne ya rako su. Na shimfiɗa musu tabarma ina zaton za su tambayi sana'ar maigida da abin da yake samu a wata, to wallahi ko sau ɗaya ba su ambaci kuɗi ba. Sai dai da me kike girki, itace ko gawayi ko gas, ina kuke ɗebo ruwan sha kuma minti nawa zuwa da dawowa, bayin nan naku ne ku kaɗai ko kuna haɗawa da 'yan haya, yara nawa ke zuwa makaranta, suka ɗora ƙananan kan sikeli, yarinyar har ta leƙa ta duba daɓen ɗakina. Can sai ta sassauta murya ta tambaye ni 'ya'yan da na haifa, duk suna raye? Nan jikina ya yi sanyi, don shekara biyu ke nan da na rasa na ukun, zazzaɓin kwana uku. Da dare na ba Baban Husna labari na ce ina ga talakawa suke ƙirgawa kuma ina ga muna ciki, sai ransa ya ɓaci, ya ce shi da yake ba ni jaka biyar, wato sefa dubu biyar, na cefane kullum, mu biyar a gida, ba mu taɓa kwana da yunwa ba, yaya zan kira shi talaka. Ni ban ce ya gaza ba, Allah ya sani yana ƙoƙari. Amma ni ce nake tashi kafin kiran assalatu in bi layin famfo. To jama'a wai wane ne talaka? Wanda babu kuɗi a aljihunsa kawai?

Alhaji Garba Yelwa:
Wa alaikumussalam 'yata. Allah ya jiƙan yaron ya sa mai ceto ne. Amma mijinki yana da gaskiya. Mutumin da yake ciyar da iyalinsa safe da rana da dare, ba ya roƙon kowa, ba a bin sa bashi, wannan mai rufin asiri ne. Kar ku bar masu yawo da takarda su sa muku raina ni'imar Allah.

Sale Kilando:
Ni fa ban ga abin muhawara a nan ba. Duk abin da Anti ta lissafa kuɗi ne maganinsa. Ba ni miliyan biyu yau ka ga in ban ja famfo cikin gida ba, in sayi gas, in sa siminti. Talauci rashin kuɗi ne, sauran duk 'ya'yansa ne.

Ɗalibin Dang:
Anti Maman Husna sannu da haƙuri. Ban san ko su wane ne suka zo ba, amma tambayoyin da kika faɗa na gane su, mun yi su a aji. Hanya biyu ake bi a auna talauci. Ta farko ita ce ta kuɗi: a ja layi a ce duk wanda abin da yake ci da kashewa bai kai kaza a rana ba talaka ne. A nan Kamaru hukumar ƙididdiga ta ƙasa INS ce ke yin binciken da ake kira ECAM, na biyar ɗin da aka yi a 2021 zuwa 2022 ya sa layin a sefa 813 ga mutum ɗaya a rana, ya ce kashi 37.7 cikin ɗari na 'yan ƙasa suna ƙasa da shi. Ku biyar ne, 813 sau biyar 4,065 ke nan, cefanenku kaɗai ya haura haka, to a wannan ma'aunin Baban Husna ya yi gaskiya. Hanya ta biyu kuma ba ta duba aljihu, tana duba yadda ake rayuwa a gidan. Jami'ar Oxford ta Ingila da hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya UNDP suka fito da ita a 2010, ana ce mata MPI, wato talauci mai fuskoki da yawa. Abu goma ake dubawa. In sauƙaƙa muku, ku ɗauka maki 18 ne gaba ɗaya. Lafiya maki 6: in akwai mai tamowa a gida maki 3, in yaro ya rasu cikin shekara biyar maki 3. Ilimi maki 6: in babu ko mutum ɗaya da ya yi shekara shida a makaranta maki 3, in akwai yaron da ya isa zuwa amma ba ya zuwa maki 3. Sauran shidan kowanne maki ɗaya ɗaya ne, makamashin girki, bayi, ruwan sha, wutar lantarki, ginin gida, da kayan amfani irin su rediyo, waya, keke, babur, firij. Gidan da ya tara maki 6 na rashi ana lissafa shi talaka, wanda ya kai 9 talaucinsa ya tsananta.

Hajiya Talatu Marwa:
Kai ɗana Allah ya yi maka albarka, yau na fahimci abin. Dama na daɗe ina jin ana cewa kashi kaza kashi kaza a rediyo bansan daga ina suke samo shi ba.

Baba Ɗanjuma Gidar:
@Ɗalibin Dang to ni ga tawa. Yayana yana ƙauye, wata guda sai ya wuce bai riƙe jaka biyu ba, amma rumbunsa biyu cike da dawa da masakwa, ga gyaɗa ga wake ga awaki. In da kuɗi ake aunawa ai shi ne talakan farko, alhali mu na gari mu muke aika a ɗebo mana hatsi a wajensa.

Ɗalibin Dang:
Baba wannan an yi tunaninsa. ECAM ba albashi yake ƙirgawa ba, abin da gida ya ci ya kashe yake ƙirgawa, kuma hatsin da mutum ya noma ya ci da kansa ana yi masa kuɗi da farashin kasuwa a saka a lissafi. Amma duk da haka Arewa ce a baya ƙwarai. A binciken 2014 jihar Arewa Mai Nisa kashi 74.3 ne talakawa, jihar Arewa tamu ta Garwa 67.9, a lokacin da Duwala take 4.2, Yawunde 5.4. Ƙasa ɗaya fa.

Alhaji Garba Yelwa:
Duwala kashi huɗu? Wanda ya rubuta wannan bai taɓa kwana a unguwannin da ruwa ke shiga ɗaki a Duwala ba. Na yi shekara tara ina kai albasa can, na ga mutum yana da albashi amma yana kwana shi da yara shida a ɗakin katako kan kwata. Ni dai waɗannan lissafin ban yarda da su ba, na kuɗin da na makin duka.

Nas Hadiza:
Alhaji ai abin da ka faɗa shi ne dalilin da ya sa aka ƙirƙiro na biyun, mai albashi da ke kwana kan kwata ma'aunin kuɗi ba ya ganinsa. Bari in faɗa muku abin da nake gani a wajen aiki. Muna da wani ɗan tef mai launi uku da muke zagaya wa damtsen yaro, in ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani. Wallahi ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba an kawo min yaro tef ya shiga ja, gashin kansa ya yi ja ya yi laushi, ƙafa ta kumbura in ka danna da yatsa ramin ya zauna, in tambayi uwar sai in ji uban yana da shanu, yana da buhunan hatsi a ajiye yana jiran farashi ya tashi. Yaron kunun dawa zalla ake ɗura masa tun da aka yaye shi, ƙwai ana kaiwa kasuwa, nono ana sayarwa, ruwan da yake sha na rijiyar da ba ta da murfi ne gudawa ba ta barinsa. @Sale Kilando wannan gidan akwai dukiya a cikinsa, me ya sa kuɗin bai yi maganin ba?

Sale Kilando:
Wannan rowa ce da jahilci Anti Nas, ba talauci ba.

Nas Hadiza:
To shi yaron da aka kwantar min fa, mai kuɗi ne ko talaka? Shi nake tambaya, ba ubansa ba.

Mai Shanu Adumri:
Tunda an taɓo masu shanu bari in sa baki. @Ɗalibin Dang a kayan da ka lissafa na ji rediyo da keke da firij, ban ji saniya ba. Kana nufin mai garke hamsin da ke kwana a bukkar kara, yana shan ruwan rafi, talaka ne, shi kuma mai tsohon keke da waya ya tsira?

Ɗalibin Dang:
Gaskiya a na duniyar babu dabbobi a jerin kayan, amalanken da dabba ke ja ne kawai a ciki. Kuma kayan duka maki ɗaya ne cikin 18, saboda haka keke da waya ba sa fitar da kowa. Amma eh, makiyayin da ka kwatanta zai tara maki: ruwa, bayi, wuta, bukka, itace, ga yara ba sa makaranta, ya haura 6 nesa.

Mai Shanu Adumri:
To ka je kasuwar Adumri ka ce wa irin wannan mutumin talaka ka ji amsar da zai ba ka. Sa ɗaya in ya sayar ya fi albashin wata uku na wasu ma'aikatan. Abin da zan yarda da shi shi ne matarsa in naƙuda ta zo da gardama cikin dare a daji, shanun nan ba za su zama likita ba. Na ga wannan da idona a rugar wani abokin cinikina, kafin a samo babur a kai ta bakin titi rai ya yi halinsa. Allah ya jiƙanta.

Hajiya Talatu Marwa:
Amin ya Allah. Amma maganar itace ni ban gamsu ba. Gidanmu mu talatin da wani abu ne, tukunyar tuwonmu wane gas ne zai ɗauke ta? Muna da gas ɗin na shayi da ɗumame, amma tuwo da itace ake yi, haka gidajen manyan alhazai ma. Duk mun zama talakawa ke nan?

Nas Hadiza:
Hajiya maki ɗaya ne kawai, ba ya mai da gida talaka shi kaɗai. An saka shi saboda hayaƙi ne. Mace tana tsugune a madafa da goyo a baya tana hura wuta shekara da shekaru, tarin da yaran ke yi da ciwon ido da ƙirji na tsofaffin mata da yawa daga nan ne.

Ummu Zara Njamena:
Mu nan tun wajen 2009 gwamnati ta hana gawayi saboda sare itatuwa, aka koma gas, amma duk lokacin da gas ya yi wuya ka ga mata da tukwane a layi tun asuba cikin rana, wasu su koma ƙwallon goruba da kashin shanu. To ranar da mai tambaya ya zo ka ce masa gas, ya rubuta gas, bai san satin da ya wuce da me ka dafa ba.

Ɗan Kusiri:
Haka maganar wuta ma. Waya ta shigo gida, mita na nan a bango, a takarda kana da lantarki. Amma lokacin zafi in ruwan madatsar Lagdo da ke ba da lantarki ya ja baya ai kowa a Arewa ya san yadda ake kwana. Mai sayar da ƙanƙara da mai walda su za su gaya maka bambancin waya da wuta.

Sale Kilando:
Kun ga duk kun dawo maganata. Tun da Najeriya ta cire tallafin mai a watan Mayun 2023 zua-zua, wato man fetur ɗin da ake shigo mana da shi daga can, ya tashi, abin da nake komawa da shi gida daga acaɓa ya ragu, mai babur kuma ba ya rage balas ɗinsa ko na sisi. Daɓen ɗakina bai canza ba, bayina bai canza ba, yarana suna makaranta, a makin ɗalibi ina nan inda nake. Amma naman da muke sa wa miya sau uku a sati ya koma ranar Juma'a kawai. Wane ma'auni ne ya ga wannan in ba na kuɗi ba?

Ɗalibin Dang:
Yaya Sale nan kam ka kama gaskiya. MPI ba ya motsi da sauri, tsadar wata shida ba ta bayyana a cikinsa sai ta kai ga yaro ya rame ko an cire shi daga makaranta. Shi ya sa waɗanda suka tsara shi, Sabina Alkire da James Foster, ba su ce a jefar da na kuɗi ba, cewa aka yi a ɗora su gefe da gefe. Amma ka ce da miliyan biyu za ka ja famfo, in bututun ruwa bai iso unguwarku ba fa? In ƙauyenku babu makaranta sai an yi tafiyar kilomita bakwai? Akwai abin da aljihun mutum ɗaya ba ya saya, sai hukuma ta kawo ko jama'a sun haɗu. Wani masanin tattalin arziki ɗan Indiya, Amartya Sen, da ya samu kyautar Nobel a 1998, a kan wannan ya gina tunaninsa, cewa a duba abin da mutum yake iya yi da rayuwarsa, ba abin da ya shiga hannunsa kawai ba.

Malam Idi Domayo:
Assalamu alaikum. Na karanta duka, kuma ina so in tuna mana cewa wannan tambayar malamanmu sun yi ta tun kafin a haifi Oxford ɗin. A aya ta 60 ta Suratut Tauba Allah ya ambaci fakirai da miskinai daban daban cikin masu cin zakka. A mazhabarmu ta Malikiyya fakiri shi ne wanda yake da ɗan abu amma ba zai ishe shi shekara ba, miskini kuwa ba shi da komai. Shafi'awa suka juya, suka kafa hujja da masu jirgin ruwan nan na Suratul Kahfi da aka kira su miskinai alhali suna da jirgi suna aiki da shi. Kun ga ke nan mutum yana iya mallakar abin sana'a kuma ya kasance mabuƙaci. Sannan akwai hadisin da Tirmizi ya ruwaito, ma'anarsa wanda ya wayi gari cikin aminci a gidansa, da lafiya a jikinsa, yana da abincin yininsa, kamar an tattara masa duniya ne. Abu uku, kuma abinci ne na ƙarshe a jerin. Alhaji Garba, godiya wajibi ce, amma godiya ba ta hana a faɗi cewa unguwa ba ta da ruwa. Maman Husna ba ta yi butulci ba.

Alhaji Garba Yelwa:
Na karɓa Malam. Abin da nake gudu shi ne kalmar. A Hausa in ka ce wa magidanci matsiyaci ka zage shi, talaka ma asali wanda ba ya riƙe da sarauta ne, amma yanzu an mai da ita ta raini. Kuma na ga abin da rubuta sunaye ke jawowa, wata shekara an zo unguwarmu da wani shirin tallafi aka ce a rubuta marasa ƙarfi, wasu masu shago suka ɓoye babura a gidan maƙwabta suka shiga layi, wata tsohuwa da ke bayan gidana mai riƙon marayu huɗu kunya ta hana ta fita, ba a rubuta ta ba.

Malam Idi Domayo:
Irin ta ce hadisin Bukhari da Muslim ya siffanta, miskini na gaskiya ba mai zagayawa ana ba shi loma ɗaya loma biyu ba ne, shi ne wanda ba shi da abin da zai wadace shi, ba a gane shi ba balle a ba shi, kuma ba ya tashi ya roƙa.

Nas Hadiza:
Kuma Alhaji da an shiga gidan tsohuwar an duba daɓe da tukunya da damtsen marayun kamar yadda aka yi wa Maman Husna, ai da an gan ta. Babur ana ɓoye shi, ramar yaro ba ta ɓoyuwa.

Ɗan Mora:
Malam Idi ya ambaci aminci, nan nake so in tsaya. @Ɗalibin Dang a cikin goman nan akwai tsaro? Don mu a nan wajen Mora da Kolofata akwai mutanen da gonarsu tana nan, gidansu na kwano yana nan, amma shekaru ke nan ba sa iya kwana a ciki, da la'asar sai su kama hanyar gari ko su hau dutse. Kawuna yana da filin da yake cika rumbu uku, yau a ɗakin aro yake da 'ya'ya tara. Ga kuma na sansanin Minawawo kusa da Mokolo da suke can tun 2013, yaran da aka haifa a wurin sun girma ba su san wani gida ba.

Ɗalibin Dang:
Babu tsaro a na duniyar Yaya, saboda sai abin da ake da bayaninsa a ƙasashe sama da ɗari ake sakawa. Amma kowace ƙasa tana iya tsara nata. Najeriya da ta fitar da nata a Nuwamban 2022 ta ƙara ɓangaren aikin yi da masifun da ke faɗa wa gida, har da na tsaro, ta samu kashi 63 cikin ɗari, mutum miliyan 133. Wata matsalar kuma bincike irin wannan gidaje yake bi, wanda ba ya cikin gida tsayayye, kamar makiyayi mai tashi ko yaron da ke kwana a tasha, da wuya a same shi.

Ummu Zara Njamena:
Mu Chadi bambancin ma'aunin biyu ya fi fitowa fili. Na kuɗi da aka yi a 2018 zuwa 2019 ya ce kusan kashi 42 ne talakawa, na makin nan kuma ya haura kashi 80. Rabin waɗanda ke cikin rashi ke nan ma'aunin kuɗi bai gan su ba. Kuma ni na san dalili, don ka fita Njamena kaɗan ka ga inda wayar lantarki take ƙarewa. Sannan ambaliya. A 2022 da kogunan Shari da Logon suka cika, ƙanwata a Waliya ta kwana da gida ta tashi babu, katifa, buhun shinkafa, keken ɗinkinta, takardun yara duk ruwa ya ci, wata uku suna cikin tanti. Mijinta albashinsa bai tsaya ba ko wata ɗaya. A 2024 ma aka sake, har ku ta Yagwa ya taɓa ku.

Malama Rabi Mokolo:
Takardun yara da kika ce, shi ne ciwon da ke damuna. An ce firamare kyauta ce tun shekarar 2000, amma akwai kuɗin ƙungiyar iyaye wanda da shi ake biyan malaman da iyaye suka ɗauka, wanda bai biya ba yaronsa yana gida. Wanda ya daure har aji shida kuma sai a zo jarrabawar kammala firamare ta CEP a ce ina takardar haihuwa, babu, don an haife shi a gida ba a kai sunansa ba a kan lokaci, yanzu sai an bi ta kotu, uban ba shi da kuɗin zirga-zirgar. Bara yarinyar da ta fi kowa ƙoƙari a ajina haka ta zauna, bana na gan ta tana tallan gyaɗa, ta ɓoye fuska da ta hango ni. Kuma ni ajina yara sun haura ɗari, rabi a ƙasa suke zama. A takarda duk suna zuwa makaranta, gidajensu ba su da makin rashi. Amma nawa ne cikinsu za su karanta maka layi biyu?

Malam Idi Domayo:
Ni ma ina da tambaya a nan. Yaron da ya sauke Alƙur'ani, yana rubuta wasiƙa da ajami, yana lissafin gado, a wajensu ya yi karatu ko bai yi ba?

Malama Rabi Mokolo:
Malam ni dai masu tambayar da suka taɓa zuwa gidanmu aji nawa ka kai suka ce, ajin boko suke nufi. Allo ba su rubuta shi ba.

Malam Idi Domayo:
To wannan gyara ne da ya kamata a yi. Ban ce kar a yi boko ba, 'ya'yana duka suna yin biyun. Amma a rubuta alaramma a layin wanda bai san komai ba, ba daidai ba ne.

Gwaggo Asabe:
Ni tsohuwa ce jikata ke rubuta min. Duk kuna cewa gida gida, to gida ɗaya ba ciki ɗaya ba ne. Na zauna da kishiyoyi biyu shekara talatin, na san gidan da ɗaki ɗaya ake soya nama ɗaki ɗaya ana jiƙa gari. Na san bazawarar da ta dawo gidan wanta mai mota, ita da 'ya'yanta sai abin da ya rage a tukunya. In mai takarda ya zo maigida zai tambaya a zaure, ya ga siminti ya ga firij ya tafi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ke Maman Husna gara da ke suka tambaya ba shi ba, don shi bai taɓa ɗaukar jarka ba bai san nisan famfon ba.

Hajiya Talatu Marwa:
Gwaggo kin gama magana wlh.

Baba Ɗanjuma Gidar:
Sannan a wane wata suka zo? Yayana da nake yabon rumbunsa, ku same shi a watan Agusta shekarar da damina ta yi gardama, lokacin tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, sau ɗaya ake ɗora tukunya. Ku dawo da kaka ku ga kamar ba shi ba.

Maman Husna Garwa:
Na gode jama'a, Allah ya bar zumunci, ban zaci maganar za ta yi nisa haka ba. Na zauna na yi lissafin ɗalibi da kaina. Rasuwar yarona 3. Itace 1. Bayi muna haɗawa da 'yan haya gida biyu, 1. Ruwa na famfo ne mai kyau amma da layi da komai ya fi awa, @Ɗalibin Dang shi ma ana sakawa? In ana sakawa 6 ke nan cif. Yara suna makaranta, ni ma na gama firamare, muna da wuta da siminti da waya da talabijin, kuma sikeli bai nuna komai ba alhamdulillah.

Ɗalibin Dang:
Ana sakawa Anti, in zuwa da ɗiba da dawowa ya kai minti 30 ko ya wuce. Kin faɗa kan layin daidai. Amma ki lura, in shekara biyar ta cika da rasuwar, maki 3 za su fita daga lissafin ku koma 3, alhali babu abin da ya canza a gidan.

Maman Husna Garwa:
A takardarsu ne zai fita, ni kam ba zai fita min ba. Abin da ke ci na har yau shi ne daren nan kuɗi na nan a hannun Babansu, amma muka ce bari gari ya waye don asibitin da nisa kuma ba a samun babur da tsakar dare a unguwarmu, muka ba shi maganin da muka saya a tebur. Da gari ya waye jini ya riga ya ƙare a jikinsa.

Nas Hadiza:
Allah ya ba ki haƙuri 'yar'uwa. Dan Allah duk mai ƙaramin yaro, zazzaɓi da damina kar a kwana da shi, musamman in tafin hannu da cikin ido sun yi fari. Masu ciki kuma a tambayi cek sante, wato takardar tallafin masu ciki, a asibitin da ake awo, sefa 6,000 ne a jihohin Arewa uku, ya haɗa awo da haihuwa.

Sale Kilando:
Anti Maman Husna wace unguwa kike? Ni dare nake aiki yawanci, zan turo miki lambata ta akwati ki ba matan layinku, ko ƙarfe nawa ne a kira ni.

Alhaji Garba Yelwa:
'Yata har yanzu ni ba zan kira mijinki talaka ba, kuma kar ki kai masa lissafin nan a haka. Amma gidaje nawa ne a layinku? In kun kai ashirin ku sa mazan su je wajen mai unguwa a ji nawa ake haƙa foraj, wato rijiyar burtsatse, yanzu, a ga ko adashe zai ɗauka.

Ɗan Kusiri:
Alhaji ya danganta da ƙasar wurin, inda akwai dutse kuɗin ya ninka. Akwai wanda ya haƙa kwanan nan a Garwa ya faɗa mana mita nawa suka yi kafin su samu ruwa?